Kifin roba da idonsa: abin da ya kamata masuntan Magarya da Dungas su sani

Wanda ya taso daga Damagaram ya nufi kudu, bayan tafiyar kilomita wajen 90 zai iske kansa a Magarya, ƙasar rake da rogo da riɗi. Nan ne yankin Korama, inda ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, inda kuma kwaruruka ke cika da damina su bar tabkuna, waɗansu su ƙafe kafin bazara, waɗansu su kai har wata daminar. Haka abin yake daga Bande zuwa Waca, har ya zuwa Guci a cikin ƙasar Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. A bakin waɗannan tabkuna ne manomi yake komawa masunci in an gama girbi, ya sami na cefane, ya sami na kai wa kasuwa.

Kayan su na gargajiya ba ɓoyayyu ba ne: koma da birgi da taru, da gora ta hawa ruwa, da fatsa. Koton da ake sa wa ƙugiya ma sananne ne, wato tana, ko hanjin kaza, ko guntun sabulu domin tarwaɗa. To amma mai neman babban kifi, ɗan ƙaramin kifi mai rai yake sokewa a ƙugiya, nan kuwa akwai hasara wadda ba a cika lissafawa ba. Ma'aikatan gandun daji da ruwa sun daɗe suna zuba ƴaƴan kifi a tabkunan ƙasar Nijar domin su girma su hayayyafa. Duk ɗan karfasar da aka yi koto da shi, an cire shi ne daga cikin wannan jari tun bai kai ko'ina ba. Wannan shi ya sa batun koton ƙarya, wato kifin roba, ya cancanci a dube shi da idon basira, ko da yake har yanzu baƙo ne a wajen yawancin masunta.

Asalin abin ba daga wata babbar masana'anta ya fito ba. A shekarar 1936 wani talaka masunci na ƙasar Finlan, mai suna Lauri Rapala, ya lura da cewa manyan kifaye sun fi auka wa ɗan kifin da ya ji rauni yana iyo a karkace. Sai ya sassaƙa siffar kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe ta da takarda mai ƙyalli, ya narka fim ɗin hoto ya shafe ta domin kada ruwa ya shiga. Yau sunansa ya zama sunan kamfani da ake sayar da kayansa a ƙasashe masu yawa. A shekarar 1949 kuma, a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, Nick Creme da matarsa suka dafa roba a ɗakin girkinsu suka zuba ta a siffar tana. Daga nan ne koton roba mai laushi ya samo tushe. Sana'ar gida ce tun farkonta, saboda haka ba abin mamaki ba ne in saurayin Waca ko na Dungas ya ce shi ma zai gwada.

Kafin a kai ga yadda ake sa ido, sai a fara tambaya: wane kifi ne ya damu da ido? Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, amma ba kowane kifi ne ke ci da gani ba. Tarwaɗa, wadda ke jure wa ruwan taɓo ƙwarai, da gashin bakinta guda 8 take laluben abinci, ta bi ƙamshi da ɗanɗano, galibi da dare. Ko an sa wa koto ido na zinariya ba ruwanta. Karfasa ciyayin ruwa da ƙananan halittu take ci, gaiwa kuwa ganinta rarrauna ne ƙwarai. Wanda ake yi wa wannan ado shi ne giwan ruwa, mafarauci mai manyan idanu masu ƙyalli, wanda ke kai hari da asuba da kuma almuru, kuma a manyan ruwaye yakan kai tsawon mita 2. Irin wannan kifi ya fi son haɗiye ɗan uwansa ta wajen kai, domin ƙayoyin baya su kwanta kada su tokare masa maƙogwaro. Ido shi ne alamar da ke nuna inda kai yake. A kifin roba kuwa ta wajen kai ne ƙugiya take shiga. Ashe dai amfanin ido shi ne ya jawo cizo zuwa inda ƙarfe yake, maimakon a tsinke wutsiya a tafi.

Duk da haka kada a ɗora wa ido abin da ba nasa ba. In ruwa ya gurɓace, kamar yadda yake zama a tsakiyar damina ko a mashayar shanu, kifi ba ya gani sai abin da ke daf da shi. A lokacin da wani layin jijiyoyi da ke gefen jikinsa yake jin motsin ruwa, saboda haka kaɗawar wutsiyar koto ta fi ido aiki. Sai ruwa ya kwanta da kaka da lokacin ɗari sannan ido zai nuna amfaninsa. Masuncin da tabkinsa ba ya da giwan ruwa, gara ya riƙe tanarsa ya adana kuɗinsa.

Wanda kuwa tabkinsa ke da shi, to ga inda wahalar take: ido ba ya son zama a jikin roba mai laushi. Dalili shi ne robar, wadda masana ke kira filastisol, garin roba ne da aka cuɗa da wani irin mai domin ya sa ta laushi. Fara ce kamar madara, sai an dafa ta zafi ya kai awo 175 ko kusa da haka sannan ta yi garau ta zubu. Bayan ta huce, man nan ba ya daina tsattsafowa a bayanta, shi ne ke narkar da gam ɗin da ke bayan idon da ake saye a shirye. Mutum ya liƙa da yamma yana murna, da safe jifa biyu ko uku ido ya tafi. Wanda ya ɗiga ido da alƙalamin maka shi ma bai tsira ba, domin tawadar takan bazu cikin robar bayan ƴan kwanaki, kan koto ya koma baƙi ƙirin.

Maganin farko tun daga wajen zubi yake. A cikin mazubin, ko na filasta ne ko na ƙarfe, a bar ɗan tudu a daidai mazaunin ido, ta yadda koto zai fito da gurbi a kowane gefe. Idon da ya nutse cikin gurbi, ciyawa da haƙorin kifi ba su samun bakinsa balle su ɓamɓare shi. Sannan a goge gurbin da alkol na gidan magani, ko a wanke da sabulu, a bari ya bushe sarai. Daga nan a ɗiga gam mai saurin kamu, wanda ake kira sufa gulu, ɗigo guda tak da bakin tsinke, a danna ido a riƙe kamar rabin minti. Yawan gam ɓarna ne: yana sandarar da kan koto, yana kuma bar wa ido wani farin hazo da ke kashe ƙyallinsa. Gwanayen aikin ba su tsayawa nan. Sukan tsoma kan koton cikin narkakkiyar roba mai garau su fitar nan da nan, su rataye shi kai ƙasa har ya huce. Da yake sabuwar roba da tsohuwa jinsi ɗaya ne, sai su haɗe su zama fata guda, ido yana ciki kamar hoto a bayan gilashi. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace ƙarko.

Idon kansa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Duwatsun ado da ƙyalƙyalin da teloli ke sa wa tufafin mata sun isa, kuma babu kasuwar da ba a samunsu, daga ta Magarya har ta Maigatari da ke ci ran Alhamis a tsallaken iyaka. Ga koto mai tsawon santimita 10, ido mai faɗin milimita 5 ko 6 ya yi daidai. Ana iya ɗinka ƴan duwatsu biyu masu huda da zaren nailan guda, a soka allura ta wannan gefe ta fito ta wancan, a ɗaure. Sai dai a tabbata zaren ya bi ta jikin ƙugiya, in ba haka ba zai yanka robar ya fice. Kuma a daidaita su sosai, domin kan da ya fi nauyi ta gefe guda yakan sa ƙaramin koto ya kwanta a ruwa.

Akwai wata dabara da ta kauce wa robar gaba ɗaya. Yawancin irin wannan koto ana sa shi ne a ƙugiya mai ƙaramin kai na dalma domin ya nutse. To a kan dalmar ake yin ido da fenti. A tsoma kan babbar ƙusa cikin ruwan ɗorawa ko fari a dangwala, in ya bushe a dangwala baƙi a tsakiya da kan ƙaramar ƙusa, sannan a rufe da man farce mara launi. Roba ta yage a sake wata, ido yana nan.

Dafa robar nan ba wasan yara ba ne. Zafinta ya zarce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, in ta zuba a fata kuma mannewa take yi. Ɗigon ruwa guda a cikin tukunya ko a mazubi ya isa ya sa ta fallatsa. In wuta ta yi yawa ta ƙone, hayaƙinta yana ɗauke da iskar asid mai cin ido da huhu. Saboda haka a fili ake yi, nesa da yara, da tukunyar da ba za ta sake ganin abinci ba. Kada kuma wani ya ce zai narka leda ko tsohon silifas a maimakonta, domin ba jinsinsu ɗaya ba, ba za su ba da koto mai laushi ba. Silifas dai yana da nasa aikin da masunta suka sani, wato sa taru ya yi iyo, ana kuma iya sassaƙa shi da wuƙa a ɗinka masa ido ya zama koto na saman ruwa.

Saura maganar tabkin kansa, wadda ta shafi hukuma kamar yadda ta shafi sarkin ruwa. Tabkin Korama ba na masunci kaɗai ba ne: shanu na sha, mata na ɗiba, masu lambu na ban ruwa. Robar da ta tsinke ta faɗa ciki ba ta ruɓewa da wuri, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa takan kumbura a cikin kifin da ya haɗiye ta har ya rage cin abinci. Dalma ita ma guba ce ga tsuntsayen ruwa, shi ya sa tun shekarar 1987 Ingila ta hana amfani da ƙananan dalmomin fatsa. Ƙasar Nijar ta hana ledoji marasa kauri da doka mai lamba 2014-63 ta ran 5 ga Nuwamba 2014, ba zai yi kyau ba a ce robar da aka kora daga kasuwa ta dawo tabki ta hanyar ƙugiya. Dokar su ta shekarar 1998, da wadda ta biyo bayanta a 2021, sun ɗora wa mai sana'ar su neman takardar izini, sabon koto bai ɗauke wa kowa wannan ba.

Koton da ya yage, a sa shi aljihu a koma da shi gida, a cire ido da ƙugiya, a yayyanka shi a sake narkawa, domin irin wannan roba tana karɓar zubi na biyu. Wajen ajiya kuma a raba masu launi daban-daban, kada su rina juna, a nisanta su daga kwalin roba mai tauri wanda mansu ke iya ci. Da bazara, lokacin da zafin Magarya ke wuce awo 40 a inuwa, a naɗe su cikin tsumma a sa a wuri mai sanyi, kusa da randa in da hali, gudun kada roba ta lanƙwashe gam ya saki.