Fanshon Mai Sana'ar Kansa: Yadda Ake Zubi

Tela a Gwadangaji da masunci a Argungu ba su da albashi, amma suna iya tara fansho. A Maris 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho ƙarƙashin hukumar PenCom, domin masu sana'ar kansu.

Duk wanda ya kai shekara 18 zai iya buɗe asusu a kamfanin fansho mai lasisi, ya riƙa zubi kullum, duk mako ko duk wata, gwargwadon ciniki. Ana raba kuɗin gida biyu: ɗaya na buƙatar gaggawa, ɗaya na tsufa, wanda ake karɓa daga shekara 50 ko idan lafiya ta gaza.

Ɗan'uwa, fara zubi tun ƙarfinka na nan.