Binegar da uwarsa: a duba kwalba kafin a zuba

Da shigowar ɗari, garake sukan yi kore a Tabotaki da sauran fadamun Buza, Madawa da Keita. Salati da tumatir da albasa su cika kasuwa, binegar kuma ya shiga kowane akushi. Sai dai akwai wani ruwa garai-garai mai warin binegar wanda ke ƙone fata, ido da maƙogwaro. Ya kamata jama'a su san shi.

Abin da ke ba binegar tsami shi ne masana ke kira asid asetik. Sunan ya fito daga kalmar Latin "acetum", wato ruwan tsami. A shekarar 1845 wani Bajamushe, Hermann Kolbe, ya fara haɗa shi a ɗakin bincike. Binegar na abinci kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ne kawai asid, saura ruwa. Wanda aka rubuta wa "essence de vinaigre" yana iya kai kashi 80. Tsantsar kuwa, "acide acétique glacial", ta wuce kashi 99.

An laƙaba wa tsantsar sunan ƙanƙara domin tana daskarewa ƙasa da digiri 17, sanyin da daren Janairu kan kawo a Adar. Daga digiri 39 kuma tururinta yana kama wuta, alhali zafin Afrilu ya fi haka. Don haka a ajiye ta a inuwa, nesa da murhu.

Amfaninta yana da yawa. Masana'antu suna aiki da ita wajen yin fenti, gam, rinin tufafi da ƙwayar asfirin. A gidajen likita ana sirka ta zuwa kashi 3 ko 5, ungozoma ta shafa a bakin mahaifa domin gano alamun sankara da wuri.

Ga mai abinci, awo ɗaya na mai kashi 80 yana bukatar awo 15 na ruwa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali. Kada a juye shi cikin kwalbar lemo, domin yaro ba ya karanta takarda. Idan ya taɓa fata ko ido, a yi ta wankewa da ruwa har minti 15. Idan an sha, kada a sa mutum amai. A kai shi likita nan take.

Wanda ya ci moriyar yaƙi da jahilci, ya karanta wa maƙwabcinsa abin da ke jikin kwalba. Rigakafi ya fi magani.