Baka Kafin Raga: Darasin Maginan Adar ga Mai Zane da Kwamfuta

Matashin da ya fara koyon zanen gini ko na kayan ƙira da kwamfuta yakan ɗauka cewa gwaninta ita ce tara raga mai dubban idanu, wato ƙananan fuskokin nan masu kusurwa uku ko huɗu da manhaja ke jerawa har siffar abu ta fito kamar a taɓa ta. Wannan fahimta a juye take. Raga sakamako ce kawai. Tunanin mai zane yana cikin ƴan layuka masu lanƙwasa da ya fara shatawa, kuma wanda bai iya su ba, ko da ya haddace maɓallan AutoCAD da Rhino kaf, kwafi zai yi ta yi.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta ba ta riƙe lanƙwasa kamar yadda alƙalami ke barin tawada a takarda, lissafi take riƙewa. Paul de Casteljau a kamfanin motoci na Citroën a 1959, da Pierre Bézier na Renault a shekarun 1960, su suka daidaita hanyar da ake bi har yau a Faransa da wajenta: ɗigo huɗu sun isa su ba da baka guda, biyu a bakinsa, biyu kuma a gefe suna jan sa kamar linzami. A matsa ɗaya, bakan duka ya sake fasali ba tare da ya karye ba. Daga nan ake samun jiki, ko dai a ja layin ya miƙe ya zama bango, ko a juya shi a kan gindi ɗaya, ko a jera bakuna a shimfiɗa fata a kansu. Ɗauki rumbun ƙasa irin na ƙauyukan Ƙonni da Malbaza, mai tumbi da ƙaramin baki. Layi ɗaya tak, daga gindi zuwa wuya, idan aka zagaya da shi, ya ba da rumbun. A yanka layin gida 20, zagayen kuma gida 32, an sami fuskoki 640. A ninka yankan biyu ta kowane ɓangare, sun zama 2,560, amma rumbun bai canza ba, santsi kawai ya ƙara. In kuwa manomi ya ce a faɗaɗa masa tumbin, mai layi ɗigo ɗaya zai taɓa, mai raga zalla kuwa sai ya bi ɗaruruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya ya gama bai bar ƙusumbi ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Adar. A garin Yama, cikin gundumar Illela, magini Falke Barmu ya soma masallacin Juma'a a 1962. A 1975 ya sauya rufin, ya ɗora shi a kan bakuna tare da tulluwa a tsakiya, daga baya ya ta da hasumiyoyi huɗu da babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, kuma aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maginin Hausa ba ya fara tulluwa da yaɓe. Bakan gizo yake fara kafawa, itace a ɗaure cikin laka, bakuna su gitta juna su yi ɗaurin guga, sannan a cike tsakaninsu da gajerun itatuwa, yaɓe ya zo daga ƙarshe. Tsawon itacen da ke hannu shi ke yanke yawan bakunan, kamar yadda ƙarfin na'ura ke yanke yawan idanun raga. A ganina, malamin da ke koyar da zane a Tawa ko Birnin Ƙonni da hoton kujerar Turai, alhali Yama na kusa da shi, ya bar darasi mafi sauƙin shiga kai.

Akwai masu cewa ginin ƙasa ba ya bin lissafi, hannu ne ke sarrafa shi, kowace damina kuma yaɓe na sake masa kama, don haka layin kwamfuta ƙarya zai yi masa. Da gaskiyarsu a rabi. Wanda ke son ajiye kamannin bango kamar yadda yake a yau, gara ya ɗauki hotuna da yawa ta kowace kusurwa, manhaja ta haɗa masa raga. Sai dai irin wannan raga fata ce kawai take nunawa. Ba ta faɗin inda baka ya tashi, ko inda nauyi ke sauka, kuma ranar da rufi ya tsage, abin da mai gyara ke nema ke nan. Wasu kuma tsoronsu kada na'ura ta ture magini. Garin Dandaji ya ba da amsa: a 2018 aka kammala cibiyar Hikma, inda masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin da Falke Barmu ya gina ɗakin karatu, suka ta da sabo da bulon ƙasa matsattse, kuma maginan gargajiya na cikin aikin. Zanen zamani ne ya buɗe wa ƙasa ƙofa a yankin da simintin Malbaza ke bakin hanya.

Batun tsada ba ya da nauyi kamar da. Blender da FreeCAD kyauta ne, kuma layuka kaɗan ba sa wahalar da tsohuwar kwamfuta, raga mai yawa ce ke cinye ta. Matsalar wuta kam tana nan, amma awo da igiya da shata baka a takarda ba sa jiran lantarki.

Saboda haka, malaman makarantun koyon sana'a na jihar Tawa, ku fitar da ɗalibai su auna rumbu da zaure da tulluwa tare da maginan da suka rage, su zana bakunan da hannu, sannan su hau kwamfuta. Kada a karɓi ragar ɗalibi sai ya nuna layukan da ta fito daga cikinsu.