Idan Manhaja Ta Ce Ta Sauya Abu, Da Gaske Take?

Matashin da ya koyi aikin kwamfuta a Jami'ar Jos ko a cibiyar nHub, ranar da aka damƙa masa kula da manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, zai gane cewa saita su ɗaya bayan ɗaya ba mai yiwuwa ba ne. Don haka ake amfani da manhajoji irin su Ansible, wadda Michael DeHaan ya fitar a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015. Kana rubuta yadda kake so kowace kwamfuta ta kasance, ita kuma ta bi ta daidaita su.

Bayan kowane aiki takan ba da rahoto da launi: kore idan ta tarar komai daidai, ruwan ɗorawa idan ta sauya wani abu, ja idan aikin ya ci tura. Matsalar tana wajen ruwan ɗorawan. Idan aka sa ta aika umarni kai tsaye ta hanyar command ko shell, ba ta san abin da umarnin ya aikata ba, sai kawai ta ce an yi sauyi, ko da leƙa sauran wurin ajiya kaɗai ta yi.

Wani zai ce ai launi ne kawai. Ina! Akwai ayyukan da ke jiran jin an yi sauyi kafin su tashi, kamar kashe manhajar shafi a sake kunna ta. Rahoton ƙarya na iya katse wa ɗalibai shafin rajista ana tsakiyar cike fom. Ga kuma sabo: maigadin da kullum yake ihun ɓarawo, ranar da ɓarawon ya haura katanga ba mai fitowa.

Maganin layi ɗaya ne, changed_when. Aikin dubawa zalla a rubuta masa false. Wanda kan sauya abu wani lokaci, a adana amsarsa da register, a gindaya sharaɗi: sai kalma kaza ta fito za a ce an sauya. Wata manhaja irin Ansible mai suna Puppet ma tana da makamancinsa, unless da onlyif, sai dai su hana umarnin gudana suke yi tun farko.

Abin da ba na so shi ne ragon da ke lafta false ko'ina don allonsa ya yi kore shar. Kwamfutarsa tana sauyawa, rahoto na cewa lafiya lau, ayyukan da ke jiran sanarwa kuwa ba za su tashi ba.