Halin dutse da aikin injin huda, daga Malbaza zuwa Damagaram

Duk wanda ya bi hanyar Ƙwanni zuwa Madawa ya san ma'aikatar siminti ta Malbaza, cikin jahar Tawa, wadda ta soma aiki a shekarar 1966. Amma kafin buhu guda ya fito, sai an fasa dutse. Kafin a fasa shi kuwa, sai an huda ramuka an ɗura nakiya. A wajen hudar nan ne kuɗi da lokaci suke tafiya, kuma dutsen ne ke yanka wa inji saurin da zai yi.

Ga yadda injin yake aiki: bakin ƙarfe mai haƙora yana saran dutse fiye da sau 1,000 a minti guda, yana juyawa kaɗan-kaɗan, iska mai ƙarfi tana huro garin waje.

A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Ma'adinin da ya fi yawa cikin dutsen siminti irin na Malbaza yana kan mataki na 3, wuƙa ma tana karce shi. Bakin inji yana shiga cikinsa ba gardama, ya daɗe bai dakushe ba. Duwatsun da suka kewaye birnin Damagaram dabam suke. Garanit ne, kuma aƙalla kashi 20 cikin 100 na jikinsa ƙanƙarar dutse ce, wadda masana ke kira kwarz, mai mataki na 7. Ta fi ƙarfen maƙera tauri. Masu ginar rijiya a Damagaram sun san wannan tun kafin zuwan inji.

A nan akwai abin da ake yawan ruɗewa a kansa, har cikin masu tsara kasafin aiki. Wuyar fashewa dabam, cin ƙarfe dabam. Dutsen rairayi yana iya marmashewa da sauƙi, amma tun da ƙwayoyinsa kwarz ne, goge bakin inji yake yi kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Ke nan inji yana gudu, haƙoransa na ƙarewa. Su kuwa haƙoran nan, da ake yi da wani haɗi mai tauri na ƙarfen tangistan, daga ƙasashen waje ake sayo su da tsada. Jami'in da ya ƙiyasta kuɗin aiki bisa yawan mitocin da za a huda kawai, bai tambayi irin dutsen ba, lissafinsa ba zai kai shi ƙarshen aiki ba.

Dutse mai taushi ma yana da nasa sharri. Inda ya tsattsage, iskar sai ta bi tsaga ta ɓace, garin ya taru, sandar ƙarfe ta maƙale ko ramin ya karkace. Inda aka tarar da yumɓu tsakanin shimfiɗun dutse, musamman da damina, sai ya liƙe ƙofofin iska. Sabon ma'aikaci yakan ƙara danna inji don ya tsere wa matsala, nan ne sanda ke karyewa. Gwani kuwa kunne yake kasawa. Da ƙarar ta sake, ko launin garin ya juya, sai ya sassauta, ya ɗaga sanda, ya hure ramin.

Garin nan bai tsaya ga ba da labarin dutse ba. Ƙurar kwarz, idan mutum ya yi shekaru yana shaƙar ta, tana sandarar da huhu, ciwon da likitoci ke kira silikoz, wanda ba ya warkewa. Don haka a mafasar garanit ko dutsen rairayi, wajibi ne a riƙa zuba ruwa cikin rami lokacin huda, ko a sa na'urar zuƙe ƙura, a kuma ba ma'aikaci abin rufe hanci na kirki. Rawani da ƙyalle ba su tare ƙwayoyin da ido ba ya gani.