Shirin Ziyarar Tsibirin Sawakin Daga Ƙasar Gadarif

1.0 Gabatarwa

Tsibirin da Bahaushe ya fi sani shi ne na kogi ko na tafki, irin waɗanda ke tsakiyar Kwara a ƙasar Yawuri ko waɗanda ke cikin tafkin Chadi. Tsibirin teku a ƙasa mai zafi yana da nasa hali dabam, kuma wanda ya je masa babu shiri yakan ƙare hutunsa a inuwa yana fifita. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake tsara abubuwan da za a yi a irin wannan wuri tun kafin a bar gida. Don kada maganar ta tsaya a iska, an ɗauki misalin mai tafiya daga Umm Rakuba, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, zuwa Sawakin da ke gaɓar Bahar Maliya. Abin da ake so ɗalibi ya lura da shi shi ne, kusan duk abin da baƙo zai iya yi a tsibirin, watan da ya zaɓa da takardun da ya riƙe da guzurin da ya ɗauka ne suka riga suka yanke masa shi.

2.0 Hanyar da kakanni suka bi

Ba da ka aka zaɓi wannan misali ba. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, maniyyatan ƙasar Hausa a ƙasa suke takawa ta Borno da Wadai da Darfur, su haye Nilu, su nufi teku. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙwadago. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka bi wannan hanya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma suka tsaya a Gadarif, musamman da aka soma noman dawa da riɗi da injuna a shekarun 1940. Zuriyarsu na nan har yau suna magana da Hausa da Larabcin Sudan. Ga kakannin waɗannan mutane, Sawakin shi ne zangon ƙarshe: a nan ake tsare mahajjata a duba lafiyarsu, daga nan kuma sai jirgin ruwa zuwa Jidda. Saboda haka Bahaushen Gadarif da ya je Sawakin buɗe ido yana cika ragowar hanyar da gidansu suka faro ne.

Umm Rakuba kuwa tana kusa da garin Doka, wajen iyakar Habasha. A Larabcin Sudan rakuba na nufin rumfar ciyawa, umm kuma uwa. Duniya ta san sunan ne saboda sansanin 'yan gudun hijira da ya karɓi Habashawa lokacin yunwar shekarun 1980, aka rufe shi, aka sake buɗe shi a Nuwamba 2020 da yaƙin Tigrai ya ɓarke.

3.0 Zaɓen wata

Nan ne tushen shirin duka, domin gida da tsibiri ba su da damina ɗaya. A Gadarif ruwa na sauka daga Yuni zuwa Oktoba. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai tsagewa da rani, idan kuma ta sha ruwa sai ta riƙe tayar mota kamar danƙo, har fita daga ƙauye zuwa bakin kwalta ya zama aiki. A daidai waɗannan watanni gaɓar Bahar Maliya tana cikin tsananin zafi: a Yuli da Agusta ma'aunin zafi kan wuce digiri 40, ga kuma gumi, saboda iskar teku mai laima ce. Wanda ya saba da zafin bazarar Sakkwato kada ya ce ai ya ga wanda ya fi haka. Zafin Sakkwato busasshe ne, zufa na fita tana bushewa. Na Sawakin yana manne wa jiki dare da rana.

Ɗan ruwan da gaɓar ke samu yana zuwa ne da sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma ba shi da yawa. A lokacin rana na da sauƙi, ana iya yawo a ƙafa. An yi sa'a wannan ya zo daidai da kalandar manomi: ana yanke riɗi wajen Oktoba, girbin dawa kuma kan kai har Janairu. Ke nan daga ƙarshen Janairu zuwa Maris aiki ya yi sauƙi, kuɗi sun shigo hannu, hanya ta bushe, zafi bai tsananta ba. A ganina babu lokacin da ya fi wannan.

Sai dai akwai kalanda ta uku, wato ta Musulunci. Azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a 2025 ya kama ne a farkon Maris. Da azumi masu umara kan cika tashar jirgin Jidda, masauki ya yi wuya, masu abinci su rufe da rana. Haka ma gab da aikin hajji. Mai son ganin gari a natse sai ya duba wata kafin ya sa rana.

4.0 Takardu da hanya da guzuri

Tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan ta shiga yaƙi tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. Gabashin ƙasar ya kasance a hannun soja, har gwamnati ta koma Bur Sudan da zama a wannan shekarar, amma a Mayu 2025 jirage marasa matuƙa sun kai wa birnin hari. Don haka tambayar farko ita ce lafiyar hanya, kuma ana yin ta ga direbobin tasha da 'yan'uwa da ke can a makon da za a tashi. Labarin watan jiya ba ya amfani.

A hanya akwai shingayen bincike. Ɗan ƙasa yana buƙatar katinsa mai lambar ɗan ƙasa, kuma wannan magana tana da nauyi ga Hausawan Sudan, waɗanda suka daɗe suna fama da masu kallon su a matsayin baƙi duk da cewa a nan aka haifi iyayensu. Baƙo daga waje yana buƙatar fasfo da izinin tafiya cikin ƙasa. Ɗan gudun hijirar da ke sansanin Umm Rakuba kuwa ba ya fita sai da takardar hukumar da ke kula da su. Mutum biyu na iya sayen gishiri a kasuwa ɗaya, ɗaya ya hau mota ya tafi teku, ɗayan ya tsaya a ƙofar sansani.

Daga Gadarif kwalta ta miƙe zuwa Kasala, fiye da kilomita 200, ta wuce kusa da madatsar ruwan Khashm al-Girba. Daga Kasala zuwa Sawakin kimanin kilomita 500 ne, ta Hayya da Sinkat, sannan hanya ta gangara daga duwatsu zuwa gaɓa. Mai iyali ya fi kyau ya kwana a Kasala, ya ga duwatsun Taka da masallacin Khatmiyya da ke gindinsu.

Kan gaba a guzuri shi ne ruwa. Ibn Batuta, wanda ya sauka a Sawakin a ƙarni na 14, ya lura cewa tsibirin ba shi da ruwan sha sai wanda aka kawo a kwalekwale, kuma matsalar ba ta bar gaɓar ba. A Agusta 2024 madatsar Arba'at, wadda Bur Sudan ke sha daga gare ta, ta fashe. A wannan watan ne kuma aka ba da sanarwar ɓarkewar kwalara, wadda ta taɓa Kasala da Gadarif. A tanadi ruwa mai tsabta, da gishirin zawo, da gidan sauro. Game da kuɗi, mutane da yawa suna biya ta waya da Bankak, amma inda babu sabis sai tsaba, saboda haka a riƙe duka biyun.

5.0 A kan tsibirin

Tsohon garin Sawakin yana kan ɗan tsibiri mai siffar faifai a ƙuryar wani dogon mashigin ruwa. Faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba. An haɗa shi da tudu da wata gajeriyar hanya a ƙarshen shekarun 1870, zamanin da Gordon ke mulkin Sudan a madadin Masar, don haka a ƙafa ake shiga. Turkawan Usmaniyya sun riƙe garin daga ƙarni na 16, Masar ta karɓe shi a 1865. Da Ingilishi suka fara gina Bur Sudan a 1905, kimanin kilomita 60 arewa, saboda manyan jirage ba sa iya ratsa mashigin, sai fatake suka kwashe, gidaje suka zama kufai.

Abin kallo a nan shi ne ginin. Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, to a Sawakin da dutsensa aka yi bango. Ana sare shi daga teku, a jera, a shafe da farar ƙasa, a yi bene hawa biyu ko uku da tagogin katako masu leƙowa titi, waɗanda ake kira roshan. Dutsen murjani kuwa yana da ramuka kamar soso. Muddin ana sabunta yaɓe yana tsayawa, ranar da aka daina sai laima da gishiri su cinye shi. Shi ya sa garin da ya yi ɗaruruwan shekaru ya zube sannu a hankali bayan tafiyar masu shi. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da gidan kwastan, kuma Shugaba Erdogan ya ziyarci wurin a Disamba 2017. Sauran yawanci tarin dutse ne. A sa takalmi mai ƙwari, kuma kada a bar yara su hau bango ko su fake a gindinsa.

Tun da zagayen tsibirin bai wuce aikin sa'a biyu ko uku ba, dabara ita ce raba yini. Kufai da hantsi kafin rana ta yi. Da azahar a koma ɓangaren tudu, a ci kifi, ko naman da Beja ke gasawa a kan duwatsu masu zafi, a sha gahawarsu mai citta da ake kira jabana. Da la'asar a nemi kwalekwale a zaga mashigin. A tuna cewa tun 2017 agogon Sudan ya koma baya da sa'a ɗaya, kuma Sawakin na can ƙuryar gabas, don haka a watannin sanyi rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5. Wanda ya bar shiga kwalekwale sai bayan ya yi barcin rana ya huta, magariba za ta riske shi a bakin ruwa. Haka kuma tashar Usman Digna da ke kusa tasha ce mai aiki, ta fasinja da ta tumakin da ake kai wa Saudiyya, kuma ɗaukar hoton tasha ko soja na iya jawo tsarewa.

Ko sunan garin abin hira ne. Beja suna kiran sa da kalmar da ke nufin kasuwa. Masu ba da labari kuma suna danganta shi da kurkukun da Annabi Sulaimanu ya tsare aljannu, har akan ce kada a taɓa kyanwoyin garin.

6.0 Shiga teku

Wannan shi ne abin da ba ya yiwuwa sai da shiri tun daga gida. Sanganeb tudun murjani ne a tsakiyar teku, kimanin kilomita 25 daga gaɓar Bur Sudan, da doguwar hasumiyar fitilar jirage a kansa. A 2016 Unesco ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da mashigin Dungunab, inda ake samun wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayu. Kusa da Bur Sudan kuma akwai jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda matuƙansa suka nutsar da shi a 1940 da bama-bamai a cikinsa. Zuwa waɗannan wurare yana buƙatar jirgi da izini, harkar kuma ta ja baya tun da aka fara yaƙi. Iskar arewa da ke busawa da sanyi tana iya hana fita, saboda haka akan ware kwana ɗaya na jira.

Wanda ya koyi iyo a kogin Rahad ko Atbara ya sani cewa teku dabam ne. Gishirin Bahar Maliya ya kai kashi 4 cikin 100, yana ɗaga jiki amma yana cin ido, murjani kuma yana yanka ƙafa. A shiga da takalmi, a nemi rigar hana nutsewa ga kowa, kuma kada a ɓalli murjani a ce tsaraba.

7.0 Yadda Hausa ke faɗar shiri

Ɗalibi zai lura cewa abubuwan da aka ambata ba su da tabbaci iri ɗaya, kuma Hausa tana nuna wannan bambanci. Abin da aka ƙudura ana faɗar sa da lokaci mai zuwa na ɗaya: za mu kwana a Kasala. Abin da ake sa rai amma bai shiga hannu ba yana ɗaukar lokaci mai zuwa na biyu, mai dogon wasali da karin sauti faɗau: mâ je Sanganeb in iska ta lafa. A lura cewa bayan in ko idan ana amfani da shuɗaɗɗen lokaci duk da cewa abin bai faru ba tukuna: idan muka isa, in mun sami jirgi. Akwai kuma zâ da ke nufin nufar wuri, wadda ba ta buƙatar wani aikatau: zâ ni Sawakin. Manomin da ke sallama da maƙwabcinsa a Doka zai iya haɗa su a numfashi ɗaya: "Malam, zâ ni teku bayan girbi, za mu yi kwana huɗu, in Allah ya sa hanya lafiya mâ kawo muku busasshen kifi."