Matsayin Lissafi a Digirin Farko na Kimiyyar Kwamfuta da Kimiyyar Bayanai

Gabatarwa

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda aka fara aiki da ita a 2023. Manhajar ta tsayar da kashi 70 cikin 100 na darussan kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Haka kuma ta ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, kuma kimiyyar bayanai na cikin digirorin da ke ƙarƙashinsa. A wannan sashe za mu bayyana dangantakar waɗannan fannoni da lissafi, domin ɗalibai da yawa suna zaɓen su ne bisa zaton cewa iya sarrafa na'ura ya wadatar.

Bambancin Fannonin Uku

Ɗalibin lissafi yana koyon kafa hujja ne, wato ya tabbatar da cewa magana gaskiya ce a kowane hali, ba a misali guda kaɗai ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta kuwa yana nazarin algoridim, wato jerin matakan warware matsala, da yawan aikin da matakan za su ci. Kalmar ta samo asali daga sunan Al-Khawarizmi, masanin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ga misali: idan za a nemi suna ɗaya cikin sunaye miliyan ɗaya, bin su ɗaya bayan ɗaya na iya cin mataki miliyan. Amma idan an jera su bisa tsarin abacada, ana raba jerin biyu a kowane mataki, mataki 20 ya isa. Lissafi ne ya nuna haka tun kafin a taɓa na'ura.

Shi kuwa ɗalibin kimiyyar bayanai, aikinsa shi ne fito da ma'ana daga tarin alƙaluma, kamar na ruwan sama ko na farashin hatsi. Wannan aiki ya dogara ga aljabara da kalkulas da ilimin ƙididdiga. Dabarar zana layin da ya fi dacewa da warwatsattsun alƙaluma, wadda Legendre ya wallafa a Faransa a 1805, har yau tana cikin darussan farko na fannin. Wanda bai fahimci tushenta ba zai iya sa na'ura ta ba shi amsa, amma ba zai gane lokacin da amsar ta kauce ba.

Abin da Ya Shafi Malamai

Karatun kowane ɗaya daga cikin fannonin shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, kuma ana buƙatar kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da lissafi. Ke nan makomar ɗalibi tana fara yankuwa ne tun daga ajin farko na babbar sakandare, lokacin da yake zaɓen darussa. Wanda ya haddace ƙa'idoji don cin jarrabawa kawai, da wuya ya iya kafa hujja idan ya shiga jami'a.

Kammalawa

Bisa wannan, muna ba da shawara malamai su riƙa tambayar ɗalibi dalilin kowane mataki, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma a bar shi ya bayyana dalilin da harshen da ya fi ƙwarewa a kai kafin ya rubuta. Masu tsara manhaja kuma su kula kada kashi 30 ɗin nan ya ƙare a koyar da kayan aikin da ke tashe, domin kayan aiki sukan tsufa cikin 'yan shekaru, amma tushen lissafi yana nan yadda yake.